Tsagogin da Ba Su San Iyaka Ba: Abin da ke Kwance Ƙarƙashin Ƙasar Jibiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya da shingayenta: jami'an kwastan, jami'an shige da fice, da manyan motoci a jere suna jiran a sallame su. Idan mutum ya ɗauke ido daga wannan hada-hada ya dubi filin da ke kewaye, ba zai ga abin mamaki ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, jigawa da gonakin gero, sai 'yan duwatsu da ke leƙowa jefi-jefi. Babu tsauni, babu kwazazzabo mai ban tsoro.

Amma a wurin masana ilimin duwatsu, wannan shimfiɗa saura ce ta wasu manyan tsaunuka da suka shuɗe. A cikin dutsen da ke ƙarƙashinta akwai dogayen tsagogi da a wani zamani ɓangarorin ƙasa suka riƙa gocewa a kansu, wannan ya yi gaba wancan ya yi baya. Iyakar da ta raba Jibiya da Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, Turawan Ingila da na Faransa ne suka kafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908. Su kuwa tsagogin sun kusa shekara miliyan 600, kuma sun ratsa ƙarƙashin iyakar ba tare da sun lanƙwasa ba. Motsinsu ya lafa tun da daɗewa, amma har gobe suna da ta cewa a kan inda ake samun zinariya, inda burtsatse ke ba da ruwa, da inda jama'a ke tururuwa neman arziki.

Yadda ƙasa ke gocewa

Ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne. Ya rabu zuwa manyan faifai da ke tafiya sannu a hankali, 'yan santimitoci kaɗan a shekara. A wasu wurare faifai biyu suna rabuwa, sai teku ya buɗe a tsakaninsu, kamar yadda Bahar Maliya ta raba Afirka da ƙasar Larabawa. A wasu wuraren suna karo, ɗaya ya hau kan ɗaya, sai tsaunuka irin na Himalaya su tashi. Iri na uku shi ne inda suke wuce juna a gefe da gefe, kamar manyan motoci biyu da suka haɗu a ƙuntatacciyar hanya, ɗaya ta nufi Maraɗi ɗaya ta nufi Katsina, jikinsu na gogar juna. Wannan ita ce tsaga mai gocewa.

Gogayyar ba ta tafiya sumul. Duwatsun ɓangarorin biyu suna sarƙewa, su tsaya cak na shekaru ɗaruruwa, alhali faifan da ke ɗauke da su ba su daina tafiya ba. Ƙarfi ya yi ta taruwa har ranar da dutsen ya gaza jurewa, sai ya ɓalle, ƙasa ta yi tsalle mita da dama cikin daƙiƙoƙi. Ita ce girgizar ƙasa. Wani masani Ba'amurke, Harry Fielding Reid, shi ya fara bayyana wannan a 1910, bayan ya yi nazarin girgizar da ta rusa birnin San Faransisko ranar 18 ga Afrilu, 1906. A wannan rana tsagar San Andiriyas ta yage a tsawon fiye da kilomita 450, kuma aka tarar da shingayen gonaki da hanyoyi sun rabu biyu, wani ɓangaren ya goce daga ɗan'uwansa, a wasu wurare har kusan mita shida.

Masana suna raba irin wannan tsaga gida biyu. Idan ka tsaya a gefe ɗaya ka ga ƙetaren ya tafi damarka, mai bin dama ce. Idan ya tafi hagunka, mai bin hagu ce. Ko ka ƙetara ka juyo, amsar ba ta canzawa.

Tambarin da take bari a doron ƙasa

Inda tsaga ke da rai, ba ta ɓoyuwa, kuma rafi ne mai fara tona mata asiri. A filin Karizo na jihar Kalifoniya akwai wani ƙaramin rafi, Wallace Creek, da ke gangarowa daga tuddai a miƙe. Yana isa kan tsagar San Andiriyas sai ya karya dama kwatsam, ya bi tsagar tsawon mita 130, sannan ya sake karyawa ya ci gaba da gangararsa. Da can miƙaƙƙe ne. Ƙasa ce ta ja rabinsa na ƙasa gefe a cikin shekara kusan 3,700. Da masana suka raba tazarar da shekarun, sai suka gano tsagar na tafiya kimanin milimita 35 a shekara. A kusa da shi akwai busasshen kwari da aka yanke daga mafarinsa gaba ɗaya, tsohuwar hanyar rafin ce da ta yi nisa har ruwa ya daina kai mata.

Akwai wasu alamomin. Dutsen da ke kan tsaga ya niƙe ya yi laushi, don haka ruwa ya fi saurin cinye shi, sai a sami kwari miƙaƙƙe sambal mai tsawon kilomita masu yawa, wanda hoton tauraron ɗan'adam ke nunawa ƙarara. Wani lokaci motsin kan jawo tudu ya girke shi a bakin kwari ya toshe shi. Wani lokaci kuma ƙasa kan lotsa a kan tsagar, ruwa ya taru, a ga ƙananan tafkuna a jere a layi ɗaya.

Manyan abubuwan kuwa suna faruwa ne inda tsagar ta lanƙwasa. Idan lanƙwasar ta sa ɓangarorin biyu suna janyewa daga juna, ƙasa na ruftawa. Haka Tekun Gishiri da ke yammacin Jodan ya samu. Tsagar da ta taso daga mashigin Aƙaba ta nufi arewa har Turkiyya mai bin hagu ce, ta gusar da ɓangaren Larabawa kimanin kilomita 105, kuma gaɓar wannan teku, da ke fiye da mita 430 ƙasa da matakin ruwan teku, ita ce busasshiyar ƙasa mafi zurfi a duniya. Idan kuma lanƙwasar ta sa ɓangarorin suna matsar juna, dutse ba shi da mafita sai sama. A kan wannan tsaga dai, can arewa, lanƙwasa irin ta biyun ce ta ɗaga tsaunukan Labanan, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 3,000. Tsaga ɗaya ta haƙa rami mafi zurfi a nan, ta gina tsauni a can.

A ƙasar Niyu Zilan abin ya fi haka fitowa fili. Harold Wellman ya nuna a 1949 cewa wasu duwatsu da ke kudancin Tsibirin Kudu da wasu da ke arewacinsa asalinsu guda ne, tsagar da ke bin gindin tsaunukan tsibirin ce ta raba su da tazarar kilomita 480. Da yake faifan biyu suna gocewa suna kuma matsar juna a lokaci ɗaya, sai suka tayar da jerin tsaunuka da mafi tsawonsu, Aoraki, ya kai mita 3,724.

Irin waɗannan tsagogi suna cikin masu kisa mafi muni, domin ba su da zurfi, kuma sukan ratsa kwaruruka masu albarka inda mutane suka fi zama. Tsagar arewacin Anatoliya ta hallaka fiye da mutum 17,000 a Izmit ranar 17 ga Agusta, 1999. Ta gabashin Anatoliya ta motsa ranar 6 ga Fabrairu, 2023, da ƙarfin maki 7.8, aka rasa rayuka fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya, layukan dogo suka murɗe, hanyoyi suka rabu. A ranar 28 ga Maris, 2025, tsagar Sagaing ta ƙasar Miyanma ta ɓalle da ƙarfin maki 7.7, har wata kyamarar tsaro ta ɗauki hoton ƙasa tana zamewa gefe a cikin ƙiftawar ido.

Tsaunukan da ruwa ya cinye

Ƙasar Hausa ta taɓa zama irin waɗannan wurare. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohon dunƙulen ƙasa na Afirka ta Yamma, wanda ke ɗauke da mafi yawan Gana da Burkina Faso da Mali a yau, ya yi karo da ƙasashen da ke gabas da shi. Tekun da ke tsakani ya rufe, duwatsu suka nannaɗe, wasu suka narke, jerin tsaunuka ya tashi daga Hoggar ta Aljeriya, ya bi ta Abzin, ya ratso Najeriya da Benin, ya zarce arewa maso gabashin Brazil, wadda a lokacin take manne da Afirka. Wani bincike da mujallar Nature Communications ta wallafa a 2014, wanda ya duba duwatsu daga Mali da Togo da Brazil, ya nuna cewa wannan karo ya yi tsawon kilomita 2,500, kuma girmansa ya yi kusa da na Himalaya.

Da karon ya kai inda ba a iya ƙara matsawa, sai ɓangarorin suka fara zamewa gefe. Nan ne manyan tsagogi masu gocewa suka samu. Ɗaya daga cikinsu ta taso daga Hoggar, ta bi ta Kandi a Jamhuriyar Benin, kuma ana bin sawunta har cikin Brazil bayan an ƙetare Tekun Atlantika. A yammacin Najeriya biyu ne suka fi shahara: wadda ta bi ta Anka da Yawuri zuwa Iseyin, da ta Kalangai wadda ta ratsa yankin Birnin Gwari ta bi ta Zungeru zuwa Ifewara a jihar Osun. Dukansu sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma masu bin dama ne.

Sauran aikin ruwa da iska suka yi shi. Cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru sun kankare tsaunukan har suka kai ga abin da da can yake binne kilomita masu yawa a ƙasa. Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara da na Kufena a Zariya narkakken dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa a wancan zamani, sai da abin da ke kansa ya zaizaye sannan ya fito. Wannan ya ba yankinmu wata daraja a idon masu bincike. A Kalifoniya ana ganin fuskar tsaga ne kawai. A nan ana taka gindinta, inda zafi ya hana dutse karyewa sai dai ya miƙe ya yi zane-zane masu bin layi ɗaya.

Jibiya tana zaune kusa da inda wannan tsohon dutse ke nutsewa ƙarƙashin yashi da laka na babban kwarin da ya mamaye Sakkwato da yammacin Nijar. Da an ƙetara iyaka, a kudancin jihar Maraɗi, wajen Ɗan Isa da Maraka, dutsen yana fitowa a wani siririn yanki kafin ya ɓace. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai sun yi nazarinsa, suka tarar da layukan niƙaƙƙen dutse masu fuskantar arewa maso gabas, irin na ɓangaren Najeriya. A taswirar siyasa ƙasa biyu ce. A taswirar duwatsu abu ɗaya ne.

Zinariya, dalma da ruwan sha

Lokacin da tsagogin ke motsi, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa bin su yana tasowa daga can ƙasa, ɗauke da narkakkun ma'adinai. Da ya huce sai ya bar jijiyoyin farin dutse a cikin tsagogin, a cikinsu kuma akwai zinariya. Shi ya sa idan aka sa ɗigo a taswira a kan wuraren haƙar zinariya na Arewa maso Yamma, wato Anka, Maru, Bukkuyum, Birnin Gwari da Yawuri, za a ga suna bin layin waɗannan tsagogi. Mai haƙa da ya ce yana bin jijiya, sawun motsin da ya auku tun kafin a yi ɗan'adam yake bi.

Ruwan da ya kawo zinariya ya kawo dalma tare da ita. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Dutsen da ake kawowa gida a daka a niƙa yana cike da dalma, ƙurarsa ta gauraya da ƙasar tsakar gida da abinci. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar dubbai. Rikicin 'yan bindiga ya zo ya ƙara dagula lamarin, har gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai a Disamban 2024.

A ƙetaren iyaka ma an ɗanɗana. A 2021 labarin zinariya ya ja dubban mutane zuwa yankin Ɗan Isa, har da 'yan Najeriya. Ranar 7 ga Nuwamba na wannan shekara ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Dutsen da ya niƙe ya kuma ruɓe a kan tsaga shi ne mai sauƙin haƙa, shi ne kuma mai saurin ruftawa.

Amfanin da ya fi shafar kowa shi ne ruwa. Tsohon dutse irin na Katsina da Zamfara ba ya riƙe ruwa a jikinsa kamar yashi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa a unguwa ɗaya wani zai haƙa burtsatse ya sami ruwa mai ƙarfi, maƙwabcinsa ya kashe kuɗinsa ya tashi a tutar babu. Masu auna ƙasa da na'urar lantarki kafin a kawo injin haƙa, tsaga suke nema. Garin da ya san inda tsagoginsa suke ya san inda ruwansa yake.

Sun mutu ne, ko barci suke yi?

Ya kamata a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba: Jibiya ba Izmit ba ce. Najeriya da Nijar suna tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakin da ake gogayya. Babu rafin da ya karye a kan tsagar Anka irin na Kalifoniya, babu shingen da ya goce. Masu yaɗa jita-jitar cewa babbar girgizar ƙasa na dab da afka wa Arewa a rana kaza ba su da hujja, domin har yanzu babu masanin da ke iya faɗin ranar girgiza a ko'ina cikin duniya.

Sai dai tsohuwar tsaga wuri ne mai rauni, kuma ƙarfin da ke tasowa daga tsakiyar Tekun Atlantika, inda Afirka ke ci gaba da rabuwa da Kudancin Amurka, yakan sami irin waɗannan wurare. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, kuma masana da dama sun danganta shi da tsagar Ifewara zuwa Zungeru. A watan Satumban 2016 mutanen Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna sun kwana a waje saboda ƙasa ta yi ta rawa, bangaye suka tsage. A Satumban 2018 aka ji a Mpape da ke Abuja, har hukumomi suka dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin, aka kuma sake ji a Satumban 2024. Duk waɗannan ƙanana ne.

Masu girman sun faru a maƙwabta. Girgizar Akara ta ranar 22 ga Yuni, 1939, ta kashe mutum 17, aka ji ta har Legas. Wadda ta fi ba da darasi ita ce ta ƙasar Gini. Ranar 22 ga Disamba, 1983, a yankin Gawal da ke arewa maso yammacin ƙasar, inda ba a san da wata barazana ba, wata tsaga mai bin dama ta motsa da ƙarfin da ya haura maki 6. Ɗaruruwan mutane suka rasu, dubbai suka rasa muhalli, mafi yawa saboda gidajen ƙasa sun rufto musu. Haɗarin kaɗan ne, amma ba za a ce babu shi ba.

Aikin sauraron ƙasa a Najeriya yana hannun Cibiyar Nazarin Motsin Ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta NASRDA, wadda ke da tashoshi a wurare irin su Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, sai kuma Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa. Ƙananan motsin da mutum ba ya ji su ne ke nuna wace tsaga ce ke da sauran numfashi, kuma ba a kama su sai na'ura tana kusa.

Abin da ke gaban Jibiya

Manyan ayyuka biyu sun sa sanin ƙarƙashin ƙasar Jibiya ya wuce sha'awar malaman jami'a. Na farko madatsar ruwan Jibiya da aka gina a kan Kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, mai tsawon fiye da kilomita uku da rabi, mai ɗaukar ruwa cubic mita miliyan 142. Da ƙasa aka gina ta, aka shimfiɗa mata wani rufi mai lanƙwasuwa da ke hana yoyo, saboda yashin wurin sako-sako ne. Ruwan da ya wuce ta shi ke zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi, ya kewayo ya koma Najeriya ya shiga Rima. Duk abin da ya sami madatsar, ƙasashe biyu zai shafa. Na biyu layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, kuma ta Jibiya zai ƙetara.

Injiniyoyi sun nuna cewa ana iya zama lafiya da tsaga idan an san inda take. Bututun man Alaska ya ratsa tsagar Denali, kuma tun wajen gini aka ɗora shi a kan dogayen ƙarafa da zai iya zamewa a kansu. Ranar 3 ga Nuwamba, 2002, girgiza mai maki 7.9 ta gusar da ƙasar da ke ƙarƙashinsa fiye da mita huɗu, bututun bai fashe ba. Jibiya ba ta bukatar irin wannan tsada. Abin da take bukata shi ne taswira mai kyau, domin ko tsagar da ba ta motsi tana nufin ruɓaɓɓen dutse a ƙarƙashin ginshiƙin gada, da hanyar da ruwa zai bi ya sulale ta ƙarƙashin madatsa.

Mutanen garin sun san cewa abin da ya fi kusa da su ruwa ne. Ambaliyar tsakiyar watan Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Taswirar da za ta nuna tsagogi ita ce dai za ta nuna tsofaffin hanyoyin ruwa da aka yi gini a kansu, da inda ya dace a haƙa burtsatse, da jijiyoyin da ke ɗauke da dalma.

Hanyar yin aikin tana nan. Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar ta wanzu tun 1971, kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa ta ambaci Gada da Gulbin Maraɗi da suna. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, dukansu tafiyar 'yan sa'o'i ce daga juna. Cikas ɗin su ne rashin tsaro da ke hana masu bincike shiga daji, da tsamin dangantaka tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da kuma yadda ɓangare ɗaya ke rubuta sakamakonsa da Faransanci ɗayan da Ingilishi. Ɗaliban da za su ɗauki guduma su bi waɗannan duwatsu kuwa, na Katsina da na Maraɗi, Hausa suke yi da juna. Tashar auna motsin ƙasa guda ɗaya a kusa da madatsar, da taswirar haɗin gwiwa ta kilomita hamsin kudu da arewacin iyakar, kuɗinsu ba zai kai na kilomita ɗaya na layin dogon ba, kuma manomi da mai haƙa da injiniya duk za su ci moriyarsu.